Hasken Da Ke Tona Asirin Maganin Jabu

Idan uwargida ta je kasuwa sayen tukunya, ba ta biyan kuɗi sai ta ƙwanƙwasa ta da yatsa. Ƙarar lafiyayya daban, ƙarar mai tsaga kuma daban. To, ƙwayar magani fa? Ga ta fara fat, an buga mata suna, an sa ta cikin kwali mai kyau. Ko da alli ne aka dunƙula, ido ba zai gane ba. Sai yaro ya kwana uku yana sha zazzaɓi bai sauka ba, sa'an nan hankalin iyaye ya tashi.

A shekara ta 1995, lokacin annobar sanƙarau a Nijar, an yi wa mutum fiye da 50,000 allurar rigakafi ta jabu. A 2017 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa, cikin kowane magani goma, wajen ɗaya ko jabu ne ko kuwa bai cika inganci ba. Littafin Karin Magana ya tsauta wa masu ma'aunin zalunci tun da daɗewa, amma mai algus a magani ya fi mai tauye mudu mugunta, gama rai yake ɗauka.

Abin godiya, akwai hanyar ƙwanƙwasa ƙwaya a ji ƙararta. Da haske ake yi.

Wani masani ɗan ƙasar Indiya, sunansa C. V. Raman, shi ne ya gano hanyar. A 1921 yana cikin jirgin ruwa a Bahar Rum, sai shuɗin ruwan ya ba shi mamaki, ya shiga binciken abin da ke faruwa idan haske ya ratsa ruwa. Ran 28 ga Fabrairu 1928, a birnin Kalkata, shi da abokin aikinsa K. S. Krishnan suka tabbatar da wani sabon abu, wanda ya jawo masa lambar yabo ta Nobel a 1930.

Ga abin da suka gani. Kowane abu da Allah ya halitta, ko sukari, ko alli, ko kwinin, an gina shi ne da ƙananan ƙwayoyi waɗanda ido ba ya gani. Ƙwayoyin nan ba a tsaye cik suke ba, kullum rawa suke yi kamar tsirkiyar goge, kowane iri da kalar rawarsa. Idan aka haska musu haske mai launi ɗaya tak, yawancinsa yakan dawo yadda ya tafi. Amma ɗan kaɗan, misalin kashi ɗaya cikin miliyan goma, yakan dawo da launinsa ya sāke, domin rawar ƙwayoyin ta rage masa ƙarfi ko ta ƙara masa. Wannan ɗan sauyi shi ne muryar abin. Kamar yadda zanen yatsan mutum biyu ba ya zama ɗaya, haka alli ba zai iya kwaikwayon muryar kwinin ba.

Da fari aikin yana da wuya ƙwarai, gama hasken da ke dawowa ba shi da ƙarfi. Sai da aka ƙera fitilar leza a 1960 abin ya yi sauƙi. Yanzu da shi ake rarrabe lu'ulu'u da gilashi. A 2015 likitoci a Montreal ta ƙasar Kanada suka nuna wani tsinken haske da ke taimakon mai fiɗa ya bambanta naman kansa da lafiyayyen nama cikin ƙwaƙwalwa. Har tsofaffin littattafai an haska. A Ingila akwai wata Linjila da aka rubuta da hannu wajen shekara ta 700, ana kiranta Linjilar Lindisfarne. An daɗe ana zaton shuɗin zanenta daga wani dutse mai tsada na Afganistan ya fito. Da aka haska, ashe shuni ne na ganye, irin sinadarin da ke cikin baban da marina suke aiki da shi a Ƙofar Mata.

Amma mu, wajen magani abin ya fi shafarmu. Wajen 2010 hukumar NAFDAC ta fara aiki da wata na'ura mai suna TruScan, wadda ake riƙewa a hannu. Ma'aikaci yakan ɗora bakinta a kan ƙwaya, sau da yawa ba sai ya ɓare ledar ba. Na'urar ta gwada muryar ƙwayar da ta maganin ainihi da aka ajiye a cikinta, nan take ta nuna ko ya ci ko ya fāɗi. A da sai an aika da kaya ɗakin gwaji a yi ta jira, kafin nan an sayar da rabinsu.

Kada fa mai karatu ya ɗauka an gama da 'yan jabu. Na'urar tana da tsada, ba kowane kemis ke da ita ba, balle mai tallar magani a faranti cikin rana. Ta iya kama ƙwayar da babu magani a cikinta sam, amma wadda aka sa mata rabin abin da ya kamata takan iya wuce ta, irin wannan kuwa ita ke koya wa cuta taurin kai.

Saboda haka aikin iyaye yana nan. A sayi magani a asibiti ko kemis mai rajista. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Waɗansu kwalayen maganin zazzaɓin cizon sauro suna da wurin kankarewa, a aika da lambar ta waya a sami amsa. In kuwa yaro ya kwana biyu yana shan magani babu sauƙi, a koma wurin likita, a tafi da kwalin da sauran ƙwayoyin a hannu.