Ma'aunan Matsi a Jikin Famfon Feshi

Gabatarwa

Idan ka duba agogon da ke jikin famfon feshi, ko gejin auna iskar tayar tarakta, za ka ga lambobi jeri biyu, kowanne da ma'auninsa. Rashin sanin bambancinsu yakan jawo asarar magani, har ma da ƙonewar shuka.

Mene ne matsi?

Matsi shi ne ƙarfin da ruwa ko iska ke danna kowane ɓangare na abin da suke ciki. Shi ne ke tunkuɗo magani daga tanki zuwa bakin feshi.

Ma'aunan da za ka tarar

1. Faskal, ana rubuta shi Pa. Sunan masanin Faransa ne, Blaise Pascal, kuma a 1971 aka shigar da shi cikin tsarin awo na duniya. Ƙarami ne ƙwarai, kamar nauyin giram 100 ne da aka baza a kan murabba'in mita ɗaya. Saboda haka akan yi aiki da kilofaskal, wato kPa, mai faskal 1,000.

2. Bar: kilofaskal 100 ke nan, kusan daidai da matsin iskar da ke kewaye da mu a bakin teku.

3. Psi: nauyin laba ɗaya a kan murabba'in inci ɗaya. Bar ɗaya ya kai psi 14.5.

4. Kg/cm²: nauyin kilo ɗaya a kan murabba'in santimita ɗaya. Wajen aikin gona kana iya ɗaukarsa daidai da bar ɗaya.

Yadda za ka yi aiki da su

Maganin ciyawa akan fesa shi da matsi kaɗan, wajen bar 1, wato psi 15. Haka ɗigon yakan fito da girma, iska ba ta kwashe shi zuwa gonar maƙwabci. Maganin ƙwari da na cututtukan ganye kuwa yana buƙatar wajen bar 3, wato psi 45, domin ɗigon ya yi ƙanana ya rufe ganye.

Ka lura, sai ka ninka matsi sau huɗu kafin ruwan da ke fita ya ninka sau biyu. Idan kana son ƙarin ruwa, canza bakin feshi.

Kafin ka fara feshi, tabbatar da jerin lambobin da kake karantawa, ka bi umarnin da ke jikin kwalbar magani, sannan ka gwada famfon da ruwa zalla. Idan ka shiga ruɗu, tuntuɓi malamin gona mafi kusa da kai.