Akwatin Talabijin Mai Daskarewa, Da Yadda Agogo Ke Nuna Inda Cutar Ta Ke

Dikodar da aka saba da ita a ƙasar nan, irin ta DStv ko ta StarTimes, daga sama ta ke ɗauko hoto, ta faranti ko ta eriya, in hadari ya haɗo kuwa kowa ya san abin da ya katse ta. Amma akwai wata iri wadda hotonta ta igiyar intanet ya ke zuwa, ya bi rauta da wayoyin gida kamar sauran saƙonni. Irinta ce kamfanin Telekom na Jamus da AT&T na Amurka suka fara raba wa mutane a 2006, kuma manyan masaukan baƙi da yawa ta wannan hanya su ke kai hoto ɗaki ɗaki. Ita wannan in ta yi ciwo, galibi ba a jikinta cutar ta ke ba. Mai gida ya mayar da ita a ba shi sabuwa, sabuwar ta yi abin da tsohuwar ta yi, kuɗin mota da ladan mai gyara sun tafi a banza.

Sababin haka yana cikin yadda a ke aiko hoton. Kadan gidaje dubu suna kallon tasha guda, kamfani ba ya aika wa kowa nasa dabam. Guda ɗaya ya ke saki, kamar shelar sanƙira, mai so kuwa sai ya ba da sunansa. Ƙa'idar ba da sunan ita a ke kira IGMP, wadda Steve Deering ya tsara a takardarsa ta 1989, aka sabunta ta a 1997, aka kuma a 2002. Akwati ya ce tasha kaza ya ke so, sa'an nan lalle ne duk na'urar da ke tsakaninsa da kamfani ta ji wannan magana, ta buɗe masa hanya.

To, a gidan attajiri ba rauta kaɗai ke tsakani ba. Akan sa akwatin mararraba, wanda masu gyara ke ce wa suwic, irin mai karɓar umurni, a raba wayoyin gida sassa sassa, watau na iyali dabam, na baƙi dabam, na kanti dabam, domin kada baƙo ya leƙa lissafin mai gida. Dabara ce mai kyau ƙwarai. Illarta dai kowace katanga da aka gina tana iya tare muryar akwatin talabijin.

Abin da ya kamata a fara ɗauka agogo ne. A kunna tasha, a duba tsawon lokacin da hoto ya yi kafin ya tsaya. A akwatunan da Telekom da AT&T suka raba a shekarun farko, masu aiki da tsarin Mediaroom na Microsoft, mutane da yawa sun ga hoto ya fito tsaf, bayan kamar sakan 10 ya daskare, in an juya wata tasha ita ma ta yi haka. Dalili kuwa, don kada mai kallo ya yi jira, kamfani kan fara aiko masa hoton shi kaɗai na ɗan lokaci, kāna ya sake shi ya shiga shelar jama'a. Kadan sunansa bai kai ba, da ƙarewar wannan ɗan guzuri sai hoto ya mutu. Wannan alama tana wanke akwatin sarai, gama akwati mai lalataccen ciki ba ya nuna hoto mai kyau sakan 10 a kowace tasha. Ko dai mararrabar ba ta san ƙa'idar 2002 ba, wadda Telekom ke aiki da ita, ko kuwa an ajiye akwatin a wani sashe ba a naɗa masa wakili a rauta mai ƙetarar da maganarsa ba.

Akwai kuma wanda hotonsa ke tsayawa bayan minti 4 da 'yan kai, kuma wannan ya fi ruɗa masu gyara, domin sau da yawa mai gyara ya riga ya karɓi ladansa ya fita kafin abin ya auku. Mararraba mai saurarar IGMP kamar mai ban ruwa ta ke a lambu, fangalin da ya nema shi kaɗai ta ke buɗe wa. Amma ba ta riƙe suna har abada. Bisa ƙa'ida, wata na'ura a kowane sashe tana kiran suna duk bayan sakan 125, ta ba da sakan 10 na amsawa. Akwati kuwa ba ya sake magana sai an tambaye shi. In babu mai kiran suna a sashen, mararraba ta jira kira biyu da lokacin amsa, watau sakan 260, minti 4 da sakan 20 ke nan, sai ta soke sunan ta toshe hanya. Magani a kunna mai kiran suna a wannan sashe, ko a rauta ko a mararrabar kanta, ba sai an sayi kome ba.

Waɗansu in sun gaji sai su kashe sauraron gaba ɗaya. Hoto ya dawo, amma ruwa ya malale kowane fangali, har ya shiga waifai. Waifai kuwa da mafi ƙarancin saurinsa ya ke watsa irin wannan shela, wani lokaci megabit 1 ko 6 a sakan, alhali tasha guda mai hoto tangaran takan ci kusan 8. Nan da nan wayoyin hannu na gidan duka su tsaya cik, a ɗora wa kamfanin intanet laifin da ba nasa ba.

Kafin a taɓa ko ɗaya daga waɗannan, a ɗauki akwatin a haɗa shi da rautar kamfani kai tsaye da waya guda, a ƙetare mararraba da waifai duka, a bar shi minti 10 a tasha ɗaya. In ya daskare a nan ma, to, magana ta koma ga kamfani. In kuwa ya wuce lafiya, sai a riƙa mayar da na'urorin gida ɗaya bayan ɗaya, ana duba agogo, har a kai ga wadda hoto ya tsaya a kanta.