Gani ya kori ji: hoton furanni daga damana zuwa bazara

Sau da yawa akan ji mutane suna cewa a ƙasar Nijar fure sai da damana, in ruwa ya ɗauke shi ke nan, sai ƙura da kara. Mai faɗin haka bai zagaya garaken bakin kogin Isa a Yamai ba, bai kuwa tsaya ƙarƙashin gawo a gonakin Damagaram cikin watan Nuwamba ba. Gaskiyar magana, daga Gaya har zuwa Tawa babu watan da ke wucewa ba tare da wani tsiro ya yi fure ba. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mai lura da mai ajiye shaida.

A da, ɗaukar hoto aikin mai akwati ne. Fim yana da tsada, wankinsa ma sai an biya, saboda haka ba mai ɓata kuɗinsa a kan furen kuɓewa. Yanzu kuwa wayar salula ta shiga aljihun malamin gona, da mai garka, da ɗan makaranta, da wanda ya fito daga ajin yaƙi da jahilci. Kowannensu yana iya ɗaukar hoton fure. Sai dai kowane lokaci na shekara yana da furanninsa, yana da haskensa, yana kuma da wahalarsa. Wanda ya san su ba zai yi aikin banza ba.

Damana

Kuka ce ke buɗe shekara. Wajen watan Mayu zuwa Yuli take sako fararen furanni manya, suna reto a kan dogon marikinsu. Furen kuka da magariba yake buɗewa, jemagu su zo shan zaƙinsa cikin dare, kashegari ya soma yin ja-ja ya yanƙwane. Mai son hotonsa sai ya je da almuru, ya samu abokin da zai haska masa fitila daga gefe. In aka haska daga gaba, farin furen yakan wanke, zanensa ya ɓace.

Da ruwa ya zauna, sai garka da bayan ɗaki su cika. Kabewa tana buɗe babban furenta mai ruwan ƙwai tun da asuba, kafin rana ta take ya rufe. A jikin kabewa guda akwai fure namiji da fure mace, kuma ana gane macen da ɗan ƙullutun kabewa da ke gindinta. Furen kuɓewa shi ma yini guda yake yi. A tabkuna kuwa, bado yana shimfiɗa faifansa bisa ruwa.

Babu lokacin da ya fi damana sauƙin hoto. Ruwa ya wanke ganye, gajimare ya rage kaifin rana, launi yana fita yadda Allah ya yi shi. Safiyar da ta biyo bayan ruwan dare ita ce ta fi, domin ɗigon ruwa yana nan bisa fure, iska kuma ba ta tashi ba. Abin kiyayewa shi ne inda ake sa ƙafa, gama ciyawa ta yi tsawo, maciji ma yana son sanyin safiya.

Kaka

Cikin Satumba da Oktoba, sa'ad da yini ya soma gajarta, yakuwa take fure. Furen nata fari ne mai sirkin ruwan ɗorawa, tsakiyarsa ja wur. In ya faɗi, sai jan kwanson nan ya kumbura, wanda ake shanyawa a yi abin sha da shi. Wanda ya ɗauki hoton reshe guda kowace safiya har mako biyu zai ga wannan canji daki-daki.

Akwai kuma furen da kyaunsa yaudara ce, watau ƙuduji. Yana fitowa cikin gero da dawa da fure mai launin shunayya, gwanin sha'awa, alhali saiwarsa tana manne da saiwar hatsi tana tsotse ta. Tushe guda yana zuba iri dubbai, irin kuma yana iya kwana cikin ƙasa fiye da shekara 10. Hoton gonar da ƙuduji ya yi wa fure, in an rubuta wuri da rana, yana nuna wa malamin gona inda cutar ta kai. In an gama ɗaukar hoton, sai a tuge shi tun bai zuba iri ba.

Ɗari

Gawo ya saba wa sauran itatuwa. Da damana yake zubar da ganye, in ruwa ya ɗauke ya toho, sa'an nan ya fito da furanni masu launin madara, kamar ƙananan zangarniyoyi. Daga Oktoba zuwa Disamba ƙudan zuma suna yini a kansa. Bayansa sai mangwaro, wanda ke rufe kansa da fure tsakanin Disamba da Fabrairu. Tsagiya guda tana ɗauke da ƙananan furanni barjat, amma kaɗan ne ƙwarai ke zama ƴaƴa. A Galmi, cikin jahar Tawa, albasar da aka bari domin iri tana fidda dogon kara mai farar ƙwallo a kai wajen ƙarshen ɗari. Zogala kuwa, a inda ake ban ruwa kamar fadamar Jiratawa kusa da Maraɗi, ba ta cika rasa fure ba.

Hazon hunturu yana da amfani ga mai hoto, domin yana tausasa haske kamar yadda gajimare ke yi. Illarsa ita ce ƙura. Tana sauka a kan fure, tana kuma manne wa idon wayar. Kafin a ɗauka, a share idon da ƙyalle mai laushi, kada a goge shi da yatsa ko bakin riga mai yashi. Iskar gabas takan ƙarfafa in hantsi ya yi, reshe ya yi ta kaɗawa, hoto ya fito dishi-dishi. Maganin wannan shi ne sammako.

Bazara

Cikin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a Yamai da Maraɗi, amma a lokacin ne garuruwa ke yin ado. Bedi, wanda wasu ke kira dogon yaro, asalinsa daga ƙasar Indiya, yana somawa tun ƙarshen ɗari da ƙananan fararen furanni masu ƙamshin dare. Itacen nan na bakin hanya da ake kira fulambuwayan, ɗan asalin tsibirin Madagaska, yana kamawa ja zur kamar gobara dab da faɗuwar ruwa. Bisa katangun gidaje da ofisoshi kuma akwai buganbiliye, wadda aka kawo daga Amurka ta Kudu. Abin da mutane ke ɗauka furenta ne, mai ja ko shunayya, ganye ne mai launi. Furen na ainihi ɗan ƙarami ne fari, yana ɓoye a tsakiya, sai wanda ya matso da waya kusa yake ganinsa. Kariya, ƴar ƙasa mai kumburarren gindi, tana fure da rani ko da babu ganye a jikinta. Ruwan jikinta dafi ne, kada a karya reshe domin gyaran hoto.

Ranar bazara ba ta da tausayi. Da tsakar rana inuwa takan yi baƙi ƙirin, ja ya haɗe wuri guda, fari ya ƙone. Lokacin aiki shi ne daga fitowar rana zuwa wajen ƙarfe 9, sai kuma bayan la'asar sakaliya. In dole ce ta sa aka ɗauka da rana, wani ya tare furen da faifai ko mayafi, dukansa ya shiga inuwa. Waya ma zafi yana gajiyar da ita, kada a bar ta bisa babur ko cikin mota a rana.

Abin da ke maida hoto shaida

Kowane tsiro a yi masa hoto 3. Na farko dukan itacen, tare da wata alama da ba ta gusawa, kamar rijiya ko kusurwar katanga. Na biyu reshe da ganyensa. Na uku furen kansa daga kusa. A matsa da ƙafa, domin jawo hoto da yatsa yana rage kyaunsa. A taɓa furen bisa gilashin wayar har ya fito sarai, a manna gwiwar hannu ga jiki, sa'an nan a danna. In bayan furen ya cika tarkace, a riƙe baƙin zane a can baya. Kwalin ashana a gefe yana nuna girman fure. Garkar wani kuwa, sai da sallama da izini.

Bayan haka sai rubutu, wanda shi ne rabin aikin. A samu ɗan littafi a sa rana, da wuri, da sunan tsiron da Hausa, da Zabarmanci ko Fulatanci in an sani. A tambayi dattawa, gama suna riƙe da sunaye da amfanin tsirrai waɗanda samarin birni ba su taɓa ji ba. Baɗi a koma wurin itacen nan, a tsaya inda aka tsaya bara. Waya tana ɓata, tana lalacewa, saboda haka a kwafe hotuna a wani kati, mafi muhimmanci kuma a wanke su bisa takarda.

Ina amfanin wannan wahala?

Amsar tana nan cikin ƙasar Nijar kanta. Bayan farin 1973 da na 1984, mutane da yawa sun ɗauka itatuwan jahohin Maraɗi da Damagaram sun tafi ke nan. Da masu bincike suka jera hotunan da aka ɗauka daga jirgin sama a 1975 kusa da waɗanda aka ɗauka bayan shekara ta 2000, sai ga shi itace ya ƙaru. Manoma ne suka riƙa barin toho a gonakinsu suna sassabe shi da dabara, har aka ƙiyasta wajen itatuwa miliyan 200 a kan hekta wajen miliyan 5. Da babu tsohon hoto mai kwanan wata, da gardama ba ta ƙare ba.

Ranar fure ma haka take. A birnin Kiyoto na ƙasar Japan akwai labarin ranar da itacen sakura ke cika fure tun daga ƙarni na 9. Saboda wannan ne aka iya tabbatar da cewa a 2021, da ya cika fure ranar 26 ga Maris, ba a taɓa ganin ya yi wuri haka ba cikin shekara fiye da 1,200 da suka gabata. A nan kuma manoma suna cewa lokuta sun rikice, damana ba ta zuwa yadda aka saba. Ko mangwaro da gawo sun canza lokacinsu, mai zuma da mai garka da malamin daji duk suna bukatar sani, kuma hoto mai kwanan wata ne zai faɗa musu.

Tun 1975 ake dasa itatuwa a Nijar ranar 3 ga Agusta. Kowace makaranta, kowane ofishi, kowane ajin yaƙi da jahilci yana iya zaɓen itace guda cikin waɗanda ya dasa, a sa mutum ɗaya ya riƙa ɗaukar hotonsa farkon kowane wata. Hoto 12 ke nan a shekara, ba kuɗi, ba wahala. Bayan shekara 10, yaran da suka ba shi ruwa za su ga ranar da ya yi furen fari. Allah ya ba da damana mai albarka, ya kuma raya abin da aka dasa.