Tantan a Gindin Darbejiya

Duk wanda ya bi hanyar Funtua zuwa Malumfashi ta Bakori a watan Mayu, bayan an samu ruwan farko, zai ga garejin kanikawa ya cika maƙil. Ga tantan an kwance masa ciki, ga akori-kura an ɗage a kan duwatsu, ga babura jere kamar ranar kasuwa, kowa yana rantsuwa cewa nasa ne ya fi gaggawa domin ƙasa ta jiƙa, ba ta jiran kowa. Idan ka tambayi mai tantan abin da ya faru, amsar guda ce: "Wallahi lafiya lau na ajiye shi." Gaskiya ya faɗa. Lafiya lau ya ajiye shi a gindin darbejiya tun bayan kaka, bai sake waiwayarsa ba sai yau. A cikin watanni biyar ɗin nan aka yi ɓarnar.

Inji ba baƙo ba ne a wannan yanki. Tun 1975, lokacin da aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, aka shimfiɗa hanyoyin burji zuwa ƙauyuka, taki da tantan suka shigo ƙasar auduga da masara. A shekarun nan ne kuma kamfanin Peugeot na Kaduna ya fara haɗa motoci, kuma har yau akori-kurarsa ƙirar 504 ba ta gama barin hanyoyin Danja da Dandume ba. Daga baya babura suka mamaye ko'ina, musamman Bajaj Boxer na ƙasar Indiya, wanda yake shiga inda mota ba ta isa ta leƙa ba. Mun iya tuƙi, mun iya lodi. Ajiya ce har yanzu ba mu ba ta haƙƙinta ba.

Mu fara da ƙura, domin ita ce babbar abokiyar gabar inji a nan. Ƙurar burji da ta hunturu gari ce mai kaifi. In ta shiga cikin inji ta haɗu da baƙin mai, sai ta riƙa cin zobba da bangon silinda a hankali, har ka ga salansa ta fara hayaƙi, ƙarfi ya ragu. Abin da ke tare ta shi ne matatar iska. A yawancin baburan da muke hawa soso ne kawai: ka cire, ka wanke da kananzir, ka matse ba tare da murɗewa ba, ka bari ya sha iska, ka ɗiga masa baƙin mai kaɗan, ka mayar. Aikin minti goma ne. Tsofaffin tantan irin Massey Ferguson da yawa suna da wani ƙoƙo na mai a ƙasan matatar. A lokacin haro, in ƙasa ba ta gama jiƙa ba, kullum ya kamata a duba shi, a kwashe lakar da ta kwanta. Na sha ganin wanda matatarsa ta toshe, maimakon ya wanke sai ya cire ta baki ɗaya, yana murna wai babur ya ƙara gudu. Ya ƙara, na 'yan watanni.

Sarƙar babur ba ta son ɗaurin tamau, ba ta kuma son sakaka. A bar mata wasa kamar faɗin yatsu biyu a tsakiya, a wanke taɓon damina kafin ya bushe a kanta. Baƙin mai a juye shi inji na da ɗumi. Wanda aka juye kuma kada a malalar a tsakar gida ko kusa da rijiya.

Sai batun ƙare-ƙare, inda na fi samun saɓani da abokaina. Manomi ya sayi babur, kafin sati ya zagayo ya kai wa mai walda an faɗaɗa kariya, an ƙara shokozoba, don ya ɗauki buhu biyu na masara, wani har uku. Mai akori-kura ya ƙara ganyen sifirin, ya ɗaga bodi da katako. Ban ce duk laifi ne ba. Wanda ya san halin hanyar gona cikin Agusta ba zai ga baiken mai neman sauƙi ba, kuma ƙarfen da ake sakawa a ƙarƙashin inji don kare shi daga dutse da kututture dabara ce mai kyau. Amma sifirin da ka ƙara bai ƙara wa birki ƙarfi ba, bai ƙara wa taya ko kulochi komai ba. Buhun masara cikakke ya kai kilo 100. Nauyin da ya koma bayan ƙafar baya yana sa gaba ya yi sauƙi, shi ya sa kan babur ke rawa a yashi, ko ya ɗaga a hawa. Walda a jikin firam kuwa, in ba a hannun gwani ba, a gefen ɗinkin take karyewa. Akwai kuma al'adar cire ɗan abin da ke daidaita zafin ruwan lagireto, wai ƙasarmu zafi gare ta. Injin da ya daɗe bai ɗau ɗumi ba, ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa, balle da asubahin hunturu. In mota na zafi, a duba fanbel, a wanke lagireto daga ƙaiƙayi da zaren auduga da suka toshe ramukansa.

Idan aiki ya ƙare, ga yadda ake kwantar da tantan. A wanke shi tas, a matsa giris a kowane gurbi, a shafe faifan garma da na haro da tsohon mai saboda tsatsa. Tankin man gas a cika shi; tankin da ya sauka rabi yana tara raɓa a ciki, ruwan kuma shi ne ajalin famfon mai da nozul, waɗanda gyaransu ba na gida ba ne. Batir a cire, a ajiye a inuwa, a riƙa yi masa caji lokaci lokaci. A rufe bakin salansa da gwangwani. A ɗora shi a kan gungume don tayoyi su huta, kuma a yi masa rumfa, ko ta kara ce, domin rana ce ke tsattsaga roba. Babur ko injin ban ruwa da zai daɗe a ajiye, a rufe makunnin mai a tsiyaye kafireto, in ba haka ba fetur ya bushe ya bar danƙo. Kada a jingina su da rumbu: inda hatsi yake nan ɓera yake, kuma ɓera ba ya raina waya.

Jak ba abin amana ba ne. Kada mutum ya kwanta ƙarƙashin mota sai ya tokare ta da gungume a ƙasa mai tauri, ya sa duwatsu a tayoyi. Tayar tantan da ta yi faci, a bar wa mai faci da kayan aikinsa.

Tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayun 2023, mutane suka ƙara himmar ɓoye mai a gida duk lokacin da suka same shi da ɗan rangwame. Sai ka shiga zaure ka tarar da jarka a kusurwa, buhunan auduga a gefe, babur a tsakiya, yara kuma suna wucewa da garwashi za a kai cikin gida. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake bi, yana iya rarrafawa ya iske wuta a nesa da jarkar. In dole ne a ajiye, a nema masa wani ɗan ɗaki daban mai shan iska, nesa da madafi da ɗakin kwana, a kulle, makulli kuma ya zauna a aljihun maigida.