Littafin da ke bin jirgin sama duk inda ya je

Makarantarmu a Yakité, nan Kilomita Biyar, ba ta da nisa da filin jirgin sama na M'Poko. In jirgi ya taso sai in dakata da darasi, don ko na ci gaba ba mai saurarona. Rannan wani yaro ya ce, "Malam, wa ke duba lafiyarsa?" Na ce kanikawa. Sai daga baya na ga amsar ba ta cika ba, domin rabin aikin a takarda yake.

Kowane jirgi da littafinsa. Abu uku ake ƙirgawa: awannin da ya yi a sama, sau nawa ya tashi ya sauka, da kwanakin kalanda. Duk wanda ya riga cika, lokacin dubawa ya yi. Shi ya sa ƙaramin jirgin da ke kai ma'aikatan agaji Bambari da Bria, ga gajeriyar tafiya ga yawan sauka, lissafinsa ya bambanta da na mai zuwa Faransa. Wanda ke ajiye ma, kwanakinsa na tafiya.

To, in aka taɓa rubutun fa? Ranar 11 ga Yulin 1991, jirgi ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, wanda Nigeria Airways ya yi haya, ya ɗebi alhazai daga Jidda zai kai su Sakkwato. Tayoyi biyu suka fashe tun yana gudu a ƙasa, wuta ta kama, aka naɗe tayoyin da wutarsu zuwa cikin jirgin. Mutum 261 ne a ciki, ba wanda ya tsira. Allah ya jiƙansu. Masu bincike sun gano iskar taya ta yi ƙasa kwanaki kafin nan, an auna an gani, amma aka sauya alƙaluman da ke takarda. A ranar ma an nemi a ƙara iskar, aka ƙi jinkirta tashi.

Wannan wurin ne ya tsaya mini a rai, don ni ma mai riƙe rajista ne. Na taɓa cike sunayen mako guda a zama ɗaya saboda sufeto na tafe, har na sa wa yaron da ke kwance da zazzaɓi alamar ya zo. Sufeton ya duba, ya yaba tsaftar rubutuna, ya sa hannu.