Ko Ka San Hankalin Mutanen The Sims a Cikin Firij Yake?

A gidajen gem na birnin Katsina ƙwallo ce ke mulki. Yaro ya biya kuɗin wasa ɗaya, ya ɗauki Barcelona ko Madrid, kafin ka ce kwabo an tashi, na bayansa ya zauna. Shi ya sa da wuya ka tarar da The Sims a irin waɗannan wurare, don wasa ne da ba a cin kowa a cikinsa, ba a kuma gama shi. Inda za ka gan shi sai a laftof ɗin ɗalibai, ko ƙaninsa na waya a hannun 'yan mata a cikin gida. Mutum kake ƙerawa, ka gina masa gida, ka nema masa aiki, ya yi aure, ya haihu. Na farko ya fito a watan Fabrairun 2000, na biyu a 2004, na uku a 2009, na huɗu a 2014, kuma har gobe masoyansa suna musu a kan gaba ya ci ko baya. Za mu zo kan musun. Akwai dai wani abu da sai an san shi ake kama bakin zaren.

Mutanen da ke yawo a cikin wasan nan ba su san komai ba. Ba su san mene ne gado ba, ba su san abin da ake yi da murhu ba. Ilmin duk yana jikin kayan ɗaki.

Ga yadda abin yake. Kowane mutum a The Sims na farko yana ɗauke da buƙatu takwas: abinci, barci, wanka, banɗaki, hutun jiki, nishaɗi, hira da mutane, da kyan ɗakin da yake ciki. Kowace buƙata lamba ce da ke sauka a hankali. Iyakar abin da ke kansa ke nan, sai 'yan halaye irin su tsabta ko ƙazanta, kunya ko son jama'a. Su kuwa kayan gida, kowanne shela yake yi, shelar da mai wasa ba ya ji. Firij yana cewa ina maganin yunwa da maki kaza. Gado yana cewa ina maganin gajiya da maki kaza, da ɗan hutun jiki a kai. Talabijin na tallar nishaɗi, baho na tallar tsabta. Sai mutumin ya saurari kowa, ya auna kowace shela da halin da yake ciki, ya rage wa abin da ke nesa daraja, sannan ya nufi wanda ya rinjaya.

Duk wanda ya taɓa shiga babbar kasuwar Katsina da yunwa ya san wannan lissafi. Kowa kira yake, mai atamfa, mai takalmi, mai agogo, amma muryar mai fura kaɗai ke shiga kunnenka. Ka sha ka ƙoshi, sai ka fara jin mai takalmi, alhali tun ɗazu yake kiranka da wannan muryar. Masu kiran suna nan yadda suke, cikinka ne ya canza.

Abin bai tsaya a shela ba. Idan mutumin ya amsa kiran firij, firij ɗin ne ke miƙa masa umarnin abin da zai yi, ya tsaya a gabansa, ya buɗe, ya ɗauko abin dafawa. Abin da ya ɗauko shi ma kaya ne mai nasa umarnin, shi ke tura shi neman inda zai yi yanke-yanke, daga nan murhu, daga nan teburi da kujera. Mutumin hannu da ƙafa kawai ya bayar. Har sauran mutane haka injin ke lissafa su. Maƙwabciyar da ta shigo gaisuwa, a wajen lissafin, wani abu ne da ke shelar maganin kaɗaici.

Hujja mafi saurin ganewa ita ce tsanin wurin ninkaya. A na farko da na biyu, idan mutum ya shiga ruwa ka ɗauke tsanin, to ya shiga uku. Ga bakin kwamin nan dab da shi, amma ba zai kama ya fito ba, domin hanyar fita a jikin tsanin take, an kuma ɗauke shi. Haka zai yi ta iyo har ƙarfinsa ya ƙare ya nutse. Sai a na uku aka koya musu dafa baki su hau.

Wanda ya ƙirƙiro wasan, Will Wright, daga tururuwa ya samo dabarar. Shi ne ya yi SimCity a 1989, wasan gina birni, sannan a 1991 ya yi SimAnt, wasan gidan tururuwa, bayan ya karanta ayyukan masanin ƙwari Edward O. Wilson. Tururuwa ɗaya ba ta da wani tsari a kanta. Wari take bi, wanda 'yan uwanta suka bari a ƙasa, inda warin ya fi ƙarfi nan take nufa. Amma ka dubi jerin gwanonsu daga rami zuwa buhun gero, sai ka rantse akwai mai ba su umarni. Hikimar tana kan hanya, ba a kan ƙwaron ba. A watan Oktoban wannan shekara ta 1991 gobara ta tashi a tsaunukan Oakland da ke Kalifoniya, ta kashe mutum 25, ta cinye gidaje kusan 3,000, har da na Wright. Da ya zo sake sayen kayan gida ɗaya bayan ɗaya, sai ya shiga tunanin me kowane abu ke yi wa mai shi. Da farko ma wasan zanen gida ya yi niyya, mutanen ciki aikinsu kawai su nuna ko gidan ya tsaru. Kamfaninsa, Maxis, bai yi na'am da abin ba, har wasu a ciki suna kiransa wasan banɗaki. Sai bayan Electronic Arts ya sayi Maxis a 1997 aikin ya samu gata. Zuwa 2002 The Sims ya ture wasan Myst, ya zama wasan kwamfuta mafi ciniki a lokacin.

Wani abin da ya ƙara burge ni shi ne, dabarar ta yi aiki fiye da yadda ake so. Idan mutanen kullum suna zaɓar abin da ya fi maki, suna iya riƙe kansu tsaf, mai wasa ya zama ɗan kallo. Saboda haka da gangan aka rage musu wayo. Maimakon su ɗauki na ɗaya, sai su yi canki-canka a cikin 'yan zaɓin da ke sama. Shi ya sa za ka ga mutum fitsari ya matse shi amma ya tsaya kallon talabijin, kai kuma kana ta faɗa da shi ta bayan gilashi.

Ga wani misalin ikon kaya, labarin ɓeran masar. A shekarar 2000 kamfanin ya saka kejin ɓeran masar a intanet, kyauta, kowa ya sauke ya ajiye a gidan mutanensa. Ba a gaya wa kowa cewa an ɓoye cuta a cikin kejin ba. Idan aka bar shi da ƙazanta, ɓeran ya ciji mutum, sai mutumin ya kama tari da atishawa, ya shafa wa na kusa da shi, in ba a bar shi ya kwanta ya huta ba ya mutu. Masu wasa suka wayi gari iyalan da suka daɗe suna reno suna faɗuwa, ba su san dalili ba. Wasan da suka saya a faifai ba shi da wannan cuta ko kaɗan. Keji ɗaya ya shigo da ita, da dokokinta da yadda take yaɗuwa, duk a cikinsa.

Wannan ita ce albarkar tsarin, ita ce kuma ta zama masifarsa. Tunda kowane abu yana zuwa da iliminsa, kamfani na iya ƙera sabon kaya ya jefa cikin wasan, mutanen su san amfaninsa nan take ba tare da an taɓa ƙwaƙwalwarsu ba. Kenan ana iya sayar da rayuwa gunduwa-gunduwa. Dabbobin gida daban, damina da hunturu daban, jami'a daban. Na farko ya samu irin wannan ƙari guda bakwai, na biyu takwas, na uku goma sha ɗaya. Na huɗu kuwa, wanda ya ce sai ya mallaki duka, kuɗin ya haura dala 1,000. Tun watan Oktoban 2022 ainihin wasan kyauta ne, amma ko ruwan sama ba ya sauka a cikinsa sai ka sayi ƙarin yanayi.

To, ya ci gaba ko bai ci ba? Ma'aunina ɗaya ne: nawa ne daga cikin hankalin ya tashi daga kaya ya koma cikin mutum. Da wannan ma'auni, babban tsalle shi ne The Sims 2. A nan ne mutane suka fara tsufa su mutu, 'ya'ya suka fara gadon kamannin iyaye har da launin idon da kan ɓuya a uwa ya fito a jika. A nan ne kowa ya samu buri da tsoro, ya kuma samu tunawa, wanda aka ci amanarsa ba ya mantawa. The Sims 3 ya buɗe gari gaba ɗaya, mutum ya fita daga gida ya hau keke ya tafi kasuwa ba tare da an tsaya jiran hoto ya buɗe ba, maƙwabta kuma suna can suna tasu rayuwar. Ya ba kowane babba halaye biyar da ke juya zaɓinsa. Nauyinsa dai yana durƙusar da ƙaramar kwamfuta, kuma wannan ba ƙaramin aibi ba ne ga mai lallaɓa tsohuwar laftof da cajin da bai da tabbas.

Na huɗu ya zo a 2014 babu wurin ninkaya, babu yara masu tatata, an kuma rufe garin nan da aka buɗe. An maido ninkaya bayan wata biyu, yaran kuwa sai Janairun 2017. Abin da ya zo da shi sabo shi ne yanayin zuciya, fushi da baƙin ciki da farin ciki. Sai dai a nan ma kaya sun sake karɓe mulki, don ɗaki mai ado da hoto mai kyau a bango kan iya danne baƙin cikin wanda aka yi wa rasuwa. A ganina wannan koma-baya ne, kuma masu kamfanin ma kamar sun gane, tunda a 2022 sun dawo da buri da tsoro.

Inda na huɗu ya yi zarra shi ne gini da kama. A 2019 aka saka hijabi da hula, a Disambar 2020 aka ƙara launukan fata sama da 100 bayan baƙaƙen masu wasa sun daɗe suna kukan cewa nasu launin yana fitowa kamar toka. Yau yarinyar Katsina tana iya ƙera mai kama da ita, abin da zai yi mata wuya a 2000.

'Yar yayata ce ta nuna mini iyakar wannan ci gaba. Ta zo hutu da laftof ɗinta, ta zauna ta gina gidan kakanta na cikin gari: zaure, soro na biyu, tsakar gida a buɗe, ɗakuna suna kallon ciki. Ginin ya fito ras. Da ta zo zuba mutane sai ta ce, "Kawu, wai mutum takwas kawai gida ke ɗauka." Takwas, a gidan da ko masu kwana a zaure sun kusa haka. Miji kuma mata ɗaya wasan ya sani. Da baƙo ya zo aka amsa masa, bai ko dubi zauren ba, ya ratsa har madafa ya buɗe firij. Ta ce, "Kawu, dubi wannan marar kunya." Ba laifinsa ba ne. Babu abin da ke cikin zauren nan da ke shelar cewa nan baƙo ke tsayawa, firij kuwa yana can ciki yana ta kira. Dole ta kulle ƙofar tsakiya da hannunta ta zaɓi waɗanda za su wuce.

Ga shi kuwa an taɓa magance irin wannan ga wasu. A ƙarin da ya fito a Nuwambar 2020, mai ɗauke da rayuwa irin ta Japan, an saka wata 'yar alama da ake ajiyewa a gida, duk wanda ya shigo sai ya cire takalmi, an kuma saka gajeren teburin da ake zama a ƙasa a ci abinci. Al'ada sukutum aka ɗura a cikin kaya biyu, ta hanyar nan da cuta ta shigo a keji shekara ashirin kafin nan.

Ma'ana zaure ma yana yiwuwa. Kamfanin ya bar ƙofa a buɗe ga masu yi wa The Sims 4 ƙari da kansu, kuma da harshen Python ake rubuta irin wannan ƙari. A 2024 ya ce ba The Sims 5 ne a gabansa ba, na huɗun zai ci gaba da faɗaɗawa, don haka abin da aka gina a kansa ba zai tsufa gobe ba. Ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ko Al-Qalam da ya iya Python, ya haɗa kai da mai zane, suna iya ƙera tabarmar da ke shelar zama da ci da hira a lokaci guda, da randar da ke kiran mai ƙishi, da butar da ke sa mutum alwala, da zauren da ke tsayar da baƙo har sai an yi masa iso.