Kurush: Ƙauye a Bisa Duwatsu

Kurush ƙauye ne na ƙabilar Lezgi a yankin Dagestan da ke kudancin Rasha, dab da iyakar Azarbaijan. Yana bisa duwatsu, kimanin mita 2,500 sama da teku. Mutanensa Musulmi ne, kiwon tumaki kuma shi ne babbar sana'arsu. A da, idan dusar ƙanƙara ta rufe makiyaya, sukan gangara da garkunansu zuwa filayen Azarbaijan.

A shekarar 1952, gwamnatin Tarayyar Sobiyet ta kwashe yawancinsu zuwa wani sabon matsuguni kusa da Hasabyurt. Wasu iyalai kuwa suka ci gaba da zama a gidajen kakanninsu. Albarkacinsu ne ƙauyen bai zama kufai ba.